Mai zuwa ganin fadar Himeji, ya kula da takalminsa

Jama'a, duk wanda Allah ya kai shi Japan, ya ware wuni guda domin Himeji, tafiyar kusan awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Osaka. An kammala babbar hasumiyar fadar a 1609, da katako aka gina ta, kuma ta tsira daga bama-baman da suka ƙone garin a 1945.

Ku sa takalmi mai sauƙin cirewa, don ba a shiga da shi; a leda za ku riƙe abinku har hawa na shida. Matakalan a tsaye suke, ga santsi, doguwar riga kuwa sai an tattare ta. In lokacin sanyi ne, ku haɗa da safa mai kauri, daɓen katakon kamar ƙanƙara yake. Ku yi sammako, ƙarfe 9 ake buɗewa.