Anti-bairos ya ce lafiya lau, kwamfuta kuwa tana ciwo: abin da za ka yi kafin ka biya kowa

Ranar wata Talata bayan la'asar wani Alhaji mai harkar albasa da tattasai a kasuwar Mile 12 ya shigo shagona a Agege, laftof a cikin leda, yaronsa na biye da shi riƙe da caja. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, duba mini wannan abu. Na biya kuɗin anti-bairos na shekara guda, na kuma tura wa wasu naira dubu 85 su gyara, amma har yanzu kamar an yi mata asiri."

Na kunna. Alamar anti-bairos ɗin tana nan kore shar, tana cewa komai lafiya. Fanka kuwa sai huci take kamar injin markaɗe alhali ba a buɗe komai ba, talla na ta leƙowa ta kusurwar allo. Can gefe na hango AnyDesk, manhajar da ke ba wani damar sarrafa kwamfutarka daga nesa. Na tambaye shi wa ya sa. Ya ce wani saƙo ne ya cika allo da ƙara, wai an kama kwamfutar da bairos, a kira lamba kaza. Yaronsa ya kira, wani ya ce shi ma'aikacin Microsoft ne, ya sa suka sauke manhajar, suka karanta masa lambobin da suka bayyana. Daga nan suka zauna suna kallon kibiyar allo tana yawo da kanta. Gudun gara, an faɗa gidan zago.

Shekarata 11 ina wannan sana'a, a layin Otigba da ke Computer Village a Ikeja na koya, kuma irin wannan matsala ba ta wata guda ba ta zo mini ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda nake bi da ita.

Sai ka fara sanin dalilin da anti-bairos ke kasawa. Aikinsa kamar na maigadi ne da aka ba hotunan ɓarayin unguwa. Wanda ke cikin hoto zai kama shi, wanda ya sake kama zai iya wucewa ta gabansa. Masu ƙera muguwar manhaja kullum suna canza mata siffa, su gwada ta a kan fitattun anti-bairos kafin su sake ta. Gaskiya ne na zamani suna lura da take-taken manhaja ba siffarta kaɗai ba, amma ba duka suke kamawa ba. To ina ga wanda aka hana shi sabuntawa? A nan Legas da yawanmu muna tsayar da sabuntawar Windows saboda tsadar data. Na san zafin kuɗin data, amma ka tuna da muguwar manhajar nan WannaCry, wadda ta bazu a watan Mayun 2017 ta shiga ƙasashe kusan 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati a Ingila. Microsoft ta riga ta fitar da facin ɓarakar da ta bi ta shiga tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su sabunta ba su ta ci.

Dalili na biyu shi ya fi yi mini ciwo, domin daga cikinmu masu gyara yake fitowa. Da ɗan gari kan ci gari. Za ka kai laftof a sa maka Windows ko Office na bulus, wanda aka fasa. Kafin abin fasawar ya yi aiki dole mai gyara ya kashe anti-bairos, ko ya ce masa kada ya riƙa duba wata jaka. Da hannunsa ya buɗe ƙofa, ya ce wa maigadi wannan baƙon na gida ne. Abin da na tarar a kwamfutar Alhaji ke nan: jakunkuna biyu an keɓe su daga bincike tun ranar da aka sayo ta, a ɗaya daga ciki abin ke kwance yana cin ƙarfin na'urar. Na uku kuma, wani lokaci abin da ke damunka ba bairos ba ne sam. Izini ne ka ba wani shafi ya riƙa turo maka sanarwa, shi ne yake turo gargaɗin ƙarya. AnyDesk da TeamViewer ma manhajojin halal ne da ma'aikata ke aiki da su, don haka anti-bairos ba zai ce uffan ba idan kai ka sauke su ka ba baƙo lamba.

To idan allo ya cika da jan rubutu da ƙara da lambar waya, kada ka kira. Microsoft da kanta ta sha faɗa cewa saƙonnin gargaɗinta ba sa ɗauke da lambar waya, kuma ba ta kiran mutum haka kawai ta ce za ta gyara masa kwamfuta. Abin da kake gani shafin intanet ne ya baje a allo. Danne Esc na ɗan lokaci, zai tsuke. Idan ya ƙi, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka zaɓi burauzar ka rufe ta. In ka sake buɗewa ta ce ko a dawo maka da shafukan baya, ka ƙi.

Idan kuwa ka riga ka kira har ka bar su sun shiga, abu na farko shi ne yanke intanet. Kashe hotspot na wayar da ke ba kwamfutar data, ko ka zare modem. Daga nan ka ajiye kwamfutar, ka ɗauki wayarka, domin kuɗinka ya fi gaggawa. Kira bankinka da lambar da ke bayan katin ATM, ba wadda ka samo a intanet ba, ka ce a toshe katin kuma a rubuta ƙorafinka kan kuɗin da ka tura. Sannan, ta waya ba ta kwamfutar ba, ka canza kalmar sirrin imel ɗinka kafin ta komai, domin ta imel ake ƙwace sauran. Ka bi da Facebook da duk abin da ka taɓa adana wa burauza kalmar sirrinsa, ka kunna tantancewa mai mataki biyu. Akwai muggan manhajojin da aikinsu kawai kwashe abin da burauza ta adana, cikin daƙiƙoƙi sun gama. Ajiye rasitin tura kuɗin da lambar da ka kira, za su yi maka amfani a banki ko a ofishin EFCC da ke Ikoyi.

Sai wanke kwamfutar. Cire AnyDesk ko duk abin da suka sa ka sauke. Shiga Windows Security, ka nemo Exclusions, wato jerin abubuwan da aka keɓe daga bincike, a cikin saitunan kariya daga bairos, ka goge duk abin da ba kai ka sa ba. Idan wani anti-bairos ka saya, shi ma yana da irin wannan wuri, ka duba. Wanda wa'adinsa ya ƙare cire shi gaba ɗaya, ka tabbata Microsoft Defender da ke zuwa da Windows 10 da 11 ya kama aiki. Bayan haka ka jona intanet ka sabunta shi, ka shiga Scan options ka zaɓi Microsoft Defender Offline. Kwamfutar za ta kashe kanta ta kunna, ta yi bincike na kamar minti 15 kafin Windows ya tashi, lokacin da muguwar manhajar ba ta farka ba balle ta ɓuya. Sa caja kafin ka fara, kuma in batirinka ya mutu ka bari sai an kawo wuta mai ɗorewa ko an tayar da janareta. Ni nakan ƙara da Malwarebytes na kyauta da AdwCleaner, daga shafinsu na asali, don ido biyu ya fi ɗaya gani. A ƙarshe ka buɗe saitunan burauza ka cire shafukan da ke da izinin turo sanarwa, da duk wani ƙari da ba ka san shi ba.

Masu kai filashi shagon buga takardu, wannan naku ne. In ka dawo ka ga jakunkunanka sun koma gajerun alamu masu kibiya, kada ka danna su, kuma kada ka yi fomatin. Takardunka na nan, ɓoye su aka yi. Binciki filashin da Defender, sannan ka ce Windows ya nuna ɓoyayyun fayiloli, ko mai gyara ya fito da su da umarnin attrib.

Akwai inda nake cewa a daina wahala. Idan baƙo ya daɗe a cikin kwamfutarka, ko ciwon yana dawowa bayan wanki, kwashe takardu da hotuna kaɗai, ban da manhajoji, ka sake sa Windows daga tushe. Ana sauke shi daga shafin Microsoft a sa a filashi mai gigabait 8. Da yawa daga laftof na tokumbo, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, da ake sayarwa a Ikeja suna da lasisinsu a jikin na'urar, da kansa zai kunnu, ba sai an fasa komai ba. Maimakon Office na sata ka sa LibreOffice, kyauta ne kuma yana buɗe takardun Word da Excel. Ka sani kuma Windows 7 ya daina samun facin tsaro tun 14 ga Janairun 2020, tallafin Windows 10 na yau da kullum ma ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025.

Idan kuma ka ga takardunka sun ƙi buɗuwa, an liƙa wa sunayensu wasu baƙin haruffa, ga wasiƙar neman kuɗin fansa, wanki ba zai dawo da su ba. STOP/Djvu, wata muguwar manhajar kulle takardu da ke bin fasassun manhajoji, ta sha neman dala 980, ko 490 in an biya cikin awa 72. Kada ka yi saurin biya, kada kuma ka yarda da wanda ya ce ba shi kuɗi zai buɗe. Duba shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da na Holan da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016, ko akwai mabuɗin kyauta na irin taka.

Batun wa za ka biya, ina faɗa duk da cewa sana'ata ce. Wanda ya tare ka a bakin Computer Village yana cewa biyo ni, kamasho yake nema, a kan kuɗinka zai ɗora. Je shagon da ke da mazauni, wanda wani naka ya taɓa kai aiki. A yi ciniki kafin a taɓa na'ura. Ka ce ya nuna maka sunan abin da ya gano, ka tambaye shi ko zai kashe anti-bairos don ya sa wani abu. In ya ce eh, ɗauki kayanka. Mazambatan waya kuma sukan buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ke faruwa a cikinsa, su nuna maka jajaye da rawayen alamu su ce duk bairos ne. Kowace kwamfuta mai lafiya tana da su. Ba mai gyaran da ke buƙatar BVN ɗinka ko lambar OTP ko shiga manhajar bankinka.

Kwamfutar Alhaji sai da na sake mata Windows. Lissafin motocin albasarsa na shekara 3 daga Aliero ya tsira, na kwafa masa a filashi biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, na nuna wa yaron yadda zai riƙa kwafa duk Juma'a. Dubu 85 ɗin kuwa, har zuwa ranar da ya zo karɓar laftof ɗin yana ta zirga-zirgar banki a kansu.