Yadda ake gyaran tsohon gidan ƙasa kafin damina

Duk wanda ya gaji gidan ƙasa a cikin birnin Kano, ko a Yakasai ne ko Dala ko Alfindiki, da zarar ya ɗan samu kuɗi sai ya ruga ya sayo siminti wai zai shafe bango ya huta. Don Allah dakata. Gidajen nan da ka ga sun ga jikoki da tattaɓa kunne yaɓe ne ya riƙe su, Gidan Makama ma da asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 ai ginin ƙasa ne. Bangon tubali yana shan danshi yana fitarwa, in ka lulluɓe shi da siminti danshin ya rasa hanya sai ƙasar ta ruɓe daga ciki kai kana ganin waje fes, ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga, wata rana cikin Agusta sai dai ka ji rim.

Aikin na rani ne, a gama shi kafin ruwan farko. Kuma daga sama ake farawa, ba daga inda baƙi ke gani ba. Hau soro ka duba indararo, in ya toshe ko ya karye ruwa yana bin jikin bango to duk yaɓen da za ka yi asara ne. Sai ka sauko ka duba azara ta ciki. Azara daga giginya ake tsago ta, gara ba ta cika damunta ba, amma ba ta ɗaukar nisa, kusan ƙafa 6 ne, shi yasa ɗakunan zamanin da suke 'yan tsukuku, zaure kuwa in ana so ya yi faɗi sai an ɗaura masa bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗaukar rufi, irin aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830. In bakan ne ya tsage kar ka taɓa, nemo tsohon magini, ba birkilan bulo ba.

Yanzu kwaɓi, nan ne kowa ke faɗuwa. Mutum zai sa a sauke jar ƙasa da safe, a zuba ruwa, kafin azahar an fara yaɓe. Haba malam! Ƙasa sai ta kwana. A farfasa ta, a jiƙa, a zuba yankakkiyar busasshiyar ciyawa, in da kashin doki ko na jaki a haɗa, a shiga da ƙafa a tattake sosai, a tara a bar ta. Gobe a sake yayyafa ruwa a juya a tattake, jibi ma haka, ana yi har ciyawar ta yi laushi kwaɓin ya fara wani ɗan wari ya yi danƙo. Leburan da kake biya kuɗin yini za su ce maka "ai ta yi, Alhaji", kar ka yarda, ɗebo da kanka ka dunƙula ka jefa a bango, in ta manne ba ta zubo ba to ta yi, in ta warwatse a koma. Ni dai ƙasar tsohon bangon da ya rushe na fi so, ta riga ta horu kuma ba ka biya kuɗin tifa ba. Kududdufan da ke cikin gari ma ai daga nan kakanni suka haƙi ƙasar gidajen, sai dai yanzu duk ruwan kwata da leda ne, bar su.

Kafin a yaɓa a kankare tsohon yaɓen da ya saki, a yayyafa wa bangon ruwa, sannan a riƙa jefa kwaɓin da ƙarfi ana bi da tafin hannu. Kar a lafta da kauri lokaci guda, zai tsattsage, a yi siriri ya sha iska a ƙara. Gindin bango a ba shi kaso biyu, can ne ruwan lungu da fitsarin awaki ke ci.

Shafin ƙarshe makuba, ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa a kwaɓa ƙasa da ruwansa, shi ke sa ruwan sama ya zame. Shafin kan soro a da laso ake yi, wato haɗin katsi (abin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini) daga marina irin ta Ƙofar Mata da gashin majema da dafara (wani tsiro mai yaɗo), amma masu haɗa shi sun yi ƙaranci, makubar ma ta wadatar in za ka riƙa sabuntawa.

Zankwaye, ƙahonnin nan da ke saman bango, a gyara musu kai, kar a sare su don an ce tsohon yayi ne, magina na rataya igiya a jikinsu in za su hau yaɓe. Dagin da ke ƙofar zaure a bi shi da yatsa yadda yake, ciki kuma farar ƙasa ta isa. Ranar da aka yi ruwan farko ka sake hawa soron ka ga inda ruwa ya kwanta, ka cike wurin tun bai huda ba.