Yadda Ake Shirya Gajeren Fim Kan Matasan da Suka Bar Gida a New York

Duk wanda ya yi niyyar shirya gajeren fim a kan matasan Amurka da suka bar gidajen iyayensu, musamman waɗanda aka kora ko suka gudu saboda suna soyayya da jinsinsu, ya kamata ya fara sanin inda yaran suke kwana kafin ya ɗora alƙalami a kan takarda. Binciken da cibiyar Chapin Hall ta Jami'ar Chicago ta fitar a 2017 ya nuna cewa a cikin shekara guda, ɗaya daga cikin yara 30 masu shekara 13 zuwa 17 yakan rasa matsuguni, kuma haɗarin ya ninka fiye da sau biyu ga masu son jinsinsu da waɗanda suka sauya jinsi. Da yawansu ba a bakin titi ake ganinsu ba. Yau suna kan kujerar falon aboki, gobe suna cikin jirgin ƙasan ƙarƙashin ƙasa, wanda a New York ba ya tsayawa dare da rana.

Saboda haka aikin farko shi ne zuwa wurin masu kula da su. Akwai gidan agaji na Covenant House da aka kafa a 1972, akwai kuma Ali Forney Center da aka buɗe a 2002 domin irin waɗannan matasa, aka sa mata sunan wani matashi marar matsuguni da aka kashe a unguwar Harlem a 1997. A fara tattaunawa da ma'aikata. Idan za a ji ta bakin matasan kansu, a tsaya kan waɗanda suka cika shekara 18, a nemi yardarsu a rubuce, a biya su ladan lokacinsu, sannan a sauya duk wani bayani da zai sa a gane su.

Bayan haka sai a taƙaita labarin. Hukumar da ke ba da kyautar Oscar tana ɗaukar fim a matsayin gajere idan bai wuce minti 40 ba, amma a ganina minti 12 zuwa 15 sun wadatar, kuma da yake shafi ɗaya na rubutun fim yakan ci kusan minti ɗaya, marubuci ya san iyakarsa tun daga farko. Dare ɗaya, mutum biyu, da buƙata ɗaya, wato wurin kwana, sun isa su riƙe fim ɗin.

A nan ne yawancin masu shirya fim suke kuskure, domin sukan cika fim da kuka da dogon jawabi, alhali abin da ke cin ran yaron da ba shi da gida ƙananan abubuwa ne: inda zai yi cajin waya, yadda zai sami gado a gidan agaji kafin gadaje su ƙare, da takardar haihuwarsa da ta rage a gidan da ba zai iya komawa ba. Ita ma soyayyar a cikin waɗannan abubuwa ya kamata a nuna ta. Idan ɗaya ya yi barci a kan bencin tashar mota ta Port Authority, ɗayan kuma ya hana idonsa barci yana gadin jakunkunansu, mai kallo ya fahimci abin da ke tsakaninsu ba tare da an furta ba. Ba a buƙatar fitowar ɗakin kwana ko tsiraici, kuma tun da labarin yara ne, bai ma dace a kusanci hakan ba. Haka nan ba lallai ne a nuna ranar korar ba. Uwa da ta ga kiran ɗanta ta kasa ɗauka ta fi uba mai ihu nauyi a zuciya.

Wajen zaɓen 'yan wasa, ya fi sauƙi a ɗauki waɗanda suka haura shekara 18 amma suke da fuskar ƙuruciya, domin a jihar New York ɗan wasan da bai kai haka ba sai da takardar izini daga ma'aikatar ƙwadago. Izinin ɗaukar fim a tituna yana hannun ofishin magajin gari, kodayake mai kyamarar hannu da bai tare hanya ba ba ya buƙatarsa. Tashoshin jirgi da na mota kuwa suna da nasu hukumomin. Kada a ɗauki hoton marasa matsuguni na gaskiya a bayan fage ba da saninsu ba. A kashe kuɗi a kan makirufo mai kyau, saboda hayaniyar titi tana haɗiye magana.

Idan an gama tace fim ɗin, a nuna wa ma'aikatan da aka tattauna da su kafin kowa, a gyara abin da suka ce bai yi kama da gaskiya ba, a kuma rubuta lambar National Runaway Safeline, wato layin wayar taimakon yaran da suka bar gida, a ƙarshensa domin yaron da zai kalla yana cikin irin halin. Daga nan sai a aika shi bukukuwan fina-finai kamar NewFest a New York, ko Frameline a San Francisco, ko Sundance, bayan an duba ƙa'idar kowanne game da fim ɗin da aka riga aka sa a intanet.