Yadda ake haɗa albam ɗin kiɗan fim mai dogon zango na aljanu da fatalwa

Kiɗan fim ɗin aljanu an yi shi ne don ya zauna ƙarƙashin hoto da maganar 'yan wasa. Yana lafawa idan wani zai buɗe baki, yana jiran ƙofa ta motsa, ya buga da ƙarfi daidai lokacin da fuska ta leƙo ta taga. In ka cire hoton ka jera gutsattsarin nan yadda suke, abin da mai sauraro zai ji shi ne gurnani na daƙiƙa ashirin, sai tsit, sai ƙara mai fasa kunne ba gaira ba dalili. Don haka albam sabon gini ne: kayan dai su ne, amma kunne kaɗai ake yi wa.

Fara da takardu

Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu: na wanda ya tsara ta, da na wanda ya mallaki ainihin sautin da aka naɗa. Izinin da aka karɓa don a sa waƙar wani mawaƙi a cikin fim bai haɗa da fitar da ita a albam ba, wannan yarjejeniya ce daban. Ɗauko takardar da ke lissafa kiɗan kowace fitowa, ka bi layi-layi, ka ware abin da makaɗin fim ɗin ya tsara da abin da aka aro. Duba yarjejeniyar makaɗin ma, domin sau da yawa kamfanin da ya shirya fim ɗin ne ke da kiɗan. Waƙar da izininta bai fito a rubuce ba, ajiye ta.

Daga ina za ka ɗauko sautin

Karɓo fayilolin asali daga hannun makaɗi, WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, mai 48 kHz da bit 24, wanda shi ne ma'aunin aikin bidiyo. Ka roƙi a ba ka su a rarrabe: kayan tsirkiya daban, ganguna daban, muryoyi daban, gurnanin ƙasa daban, bugun razanarwa daban. Kada ka tsamo kiɗan daga fitowar da aka gama haɗawa. A can an riga an danne shi duk inda ake magana, za ka ji yana nutsewa yana tasowa kamar mai numfashi da ƙyar. Akwai kuma wata matsala: fim ɗin da aka ɗauka a hoto 24 cikin daƙiƙa aka mayar 25 don talabijin yana ƙara sauri da wajen kashi 4 cikin ɗari, in ba a gyara ba muryar kiɗan ta ɗaga sama.

Zaɓe da ɗinki

A ce zango guda fitowa goma ne, kowace da kiɗa na minti 20. Ka tara minti 200 ke nan, albam kuwa minti 45 zuwa 60 ya wadatar, faifan CD ma ba ya ɗaukar fiye da wajen minti 80. Kashi uku cikin huɗu zai tafi, kuma ya kamata ya tafi. Riƙe taken buɗe fim, taken kowane babban ɗan wasa, taken abin da ke bibiyarsu, da kiɗan da ke da kai da gindi ko babu hoto.

Ɗinkin shi ne inda gwaninta take. Gajerun gutsattsari ba sa tsayawa da ƙafarsu, ga shi Spotify ba ya ƙirga saurare sai an kai daƙiƙa 30. Haɗa uku ko huɗu masu jigo ɗaya su zama waƙa guda ta minti biyu zuwa biyar. Kafin ka haɗa, tabbatar muryarsu ɗaya ce ko makusanciya, in ba haka ba mahaɗar za ta yi tsami. Bar wutsiyar amsa-kuwwar na farko ta mutu da kanta a ƙarƙashin farkon na biyu, shigar juna ta daƙiƙa biyu zuwa huɗu. Gutsuren da aka datse a fim saboda an sauya fage ba shi da wutsiya, sai ka ɗora masa amsa-kuwwa a kan sautin ƙarshe kawai. In biyu suka ƙi haɗuwa, shimfiɗa gurnanin ƙasa shi kaɗai na 'yan daƙiƙu a tsakani ya zama gada. Amfanin karɓar sautin a rarrabe ke nan.

Bugun razanarwa da shirun da ke gabansa

Nan albam ɗin irin wannan fim ya fi lalacewa. A allo, bugun nan yana da abin da yake nunawa. A cikin iyafis, ga mutumin da ya ƙure sauti don ya ji raɗar da ke ƙasa-ƙasa, cutarwa ce kawai, kuma wanda kunnensa ya sha sau biyu ba zai sake kunna albam ɗin ba. Cire mafi yawansu. Bar biyu ko uku a duk albam ɗin, inda kiɗan da kansa ya yi ta hawa har ya kai ga bugun, ka rage su da 4 zuwa 6 dB, wato desibel, ma'aunin hawa da saukar ƙarfin sauti.

Talabijin a Turai na aiki da ma'aunin EBU R128, wato -23 LUFS, Amurka na aiki da -24; LUFS shi ne matsakaicin ƙarfin sauti, kuma -14 ya fi -23 ƙara. Spotify kuwa yana daidaita waƙoƙi a -14. Kuskuren da aka fi yi shi ne a matse komai da na'urar danne kololuwa don a kai -14. Sakamakon: raɗa da tsawa sun zama tsayi ɗaya, tsoron ya mutu, domin abin da ke tada tsigar jiki shi ne tazarar da ke tsakanin shiru da ƙara. Bi da hannu, ka ɗaga wuraren da suka yi ƙasa sosai da 3 zuwa 5 dB, ka sauke masu ƙarfi kaɗan. Albam ɗin ya tsaya a -16 ko -18 ba laifi ba ne. Kololuwa dai, wato inda sautin ya fi ƙarfi, kada ta wuce -1 dBTP, saboda matse fayil da manhajojin saurare ke yi na iya sa ta tsage.

Da ka ɗaga wuraren shiru, dattin da iska da maganar fim suka rufe zai fito: sss na makirfo, ƙarar kujera, numfashin mai goge. Numfashin bar shi, yana ƙara wa kiɗan rai. Sauran share su ɗaya-ɗaya.

Ƙasa da sama

Makaɗan fim ɗin tsoro na son gurnani na 30 zuwa 40 Hz, wato sauti mai kauri sosai, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Lasifikar waya ba ta fitar da shi ko kaɗan, sai waƙar ta zama minti guda na wofi. Maganinsa a ƙara masa inuwa, wato sautin nan dai amma a murya mafi sama, a 80 da 160 Hz, ƙasa-ƙasa, yadda ƙaramar lasifika za ta nuna akwai wani abu a wurin. Abin da ke ƙasa da 25 Hz yanke shi, cin wuri kawai yake yi. A sama kuma, kukan ƙarfe irin na wotafon, kayan kiɗan da Richard Waters ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1960, da tsuwwar goge suna taruwa tsakanin 2 da 5 kHz, inda kunne ya fi saurin jin zafi. Rage 2 ko 3 dB a nan ya isa.

In kiɗan na lasifika shida ne, wato 5.1, nemi makaɗi ya yi haɗin hagu da dama na musamman maimakon a bar kwamfuta ta naɗe shi. Sannan saurari komai a lasifika ɗaya. Raɗar aljanun da aka baza hagu da dama ta hanyar juya igiyar sauti tana ɓacewa ɗungurungum idan ɓangarorin biyu suka haɗu.

Jeri, suna da fitarwa

Ba dole ka bi jerin labarin ba. Buɗe da taken da kowa ya sani, kada waƙoƙin gurnani uku su biyo juna, ka sa mai taushi bayan mai firgitarwa. Sunan waƙa kada ya tona labari: in ka rubuta mutuwar wane a waƙa ta goma sha biyu, ka ɓata wa wanda bai kai can ba. Guntun maganar 'yan wasa kuwa yana buƙatar izini, kuma yana gundura a saurare na uku.

Kowace waƙa na buƙatar lambar shaida ta ISRC mai alamomi 12, albam ɗin kuma lambar shaida ta UPC. Na CD sauke shi zuwa 44.1 kHz da bit 16, ka kunna dita, wato ɗan siririn sss da ake ƙarawa da gangan, a mataki na ƙarshe, in ba haka ba wutsiyar amsa-kuwwa za ta riƙa ƙarewa da ƙaiƙayi. Hoton bango ya zama fiksel 3000 sau 3000. Miƙa wa kamfanin da zai rarraba shi ga manhajojin saurare mako huɗu kafin ranar fita, kuma kafin a yi wa kiɗan rajista a Content ID, tsarin YouTube na gano kiɗan da ke da mai shi, a sa tashar fim ɗin cikin waɗanda aka yafe wa, don kada tsarin ya kama tallan fim ɗin da laifin satar kiɗan kansa.