Yadda ake kashe wutar gardamar siyasa kafin ta kai ga zagin iyaye

Shayi nake sayarwa a bakin kasuwar wani ƙauye a ƙasar Dambatta, kuma duk lokacin zaɓe teburina majalisa yake komawa. Ba na hana kowa gardama. Wanda ba a bari ya faɗi ra'ayinsa a bainar jama'a ba, zai je ya faɗe shi a bayan ido, can kuma ya fi muni. Abin da nake tsarewa shi ne kada maganar ta tashi daga kan 'yan takara ta sauka a kan mutumin da ke zaune kusa da kai.

Fara da kasa kunne. Muddin ana cewa "gwamnatinku ba ta kawo taki ba" ko "naku ya bar hanyarmu da ramuka", to lafiya lau ake. Da zarar ka ji "nawa aka ba ka?" ko "ai dama gidanku haka kuke", an bar siyasa ke nan. Wannan tambaya ta "nawa aka ba ka" ita ce ta fi ɓata zumunci, domin ka kira mutum maras mutunci ne a gaban 'ya'yan cikinsa. Abubuwa uku ba a taɓa su a teburina: iyaye, iyali da addinin mutum. Wanda ya ce ɗan'uwansa ya bar Musulunci saboda ƙuri'a, nan take nake ce masa ya tashi.

Idan murya ta fara hawa, kashe rediyo tukuna. Sojojin baka suna can Kano cikin ɗakin watsa shiri, ba za su haɗu da kai a masallaci gobe da asuba ba. Sannan ka kira mai zafin da sunan da zai tuna masa waye shi: "Haba Kawu, yara na jin ka," ko "Yaya, ka sha shayinka ya huce." Kada ka ce masa ya yi shiru, kuma kada ka nuna wanda ya fi gaskiya. Jefa tambayar da take da amsa: rijiyar burtsatsen bayan makaranta, a wace shekara aka haƙa ta, wa ya gyara da ta lalace? Mutane kan sauko idan aka koma kan abin da idonsu ya gani. In akwai taubashinsa a wurin, ko Babarbare ga Bafulatani, ba shi fili ya tsokane shi, don yana iya faɗin abin da wani bai isa ya faɗa ba.

Akwai abin da nake yawan tuna wa samari, kuma ina faɗinsa da ciwo a raina. Dattawanmu sun ga zamanin Santsi da Taɓo, lokacin da jam'iyyar PRP ta dare tsakanin ɓangaren Abubakar Rimi da na Malam Aminu Kano, har yanzu kuma suna ba da labarin gidajen da aka daina gaisawa. Ganduje ya yi wa Kwankwaso mataimaki daga 1999 zuwa 2003, ya sake yi daga 2011 zuwa 2015, daga baya suka raba gari. Malam Shekarau ya shiga NNPP a 2022, bai rufa shekara ba ya koma PDP. Su manya suna ɓatawa, suna shiryawa, suna sauya sheƙa yadda lissafinsu ya nuna. Kai kuwa ana zaɓe da rani, damina na tafe, kuma shanun huɗar maƙwabcin nan da ka zaga su za ka je aro.

Saƙon murya na WhatsApp da aka turo maka ana cin mutuncin wani, kada ka kunna shi a majalisa. Mata kuma a bar su da ra'ayinsu. Ƙuri'a a asirce ake kaɗa ta, ba dalilin tsare matarka da rantsuwa a kan wanda ta dangwala wa.

Bayan an faɗi sakamako, wanda nasa ya ci shi ya kamata ya fara kama bakinsa. Kada a kai gangar murna ƙofar gidan wanda ya faɗi. Ka tuna zaɓen gwamnan Kano na 18 ga Maris 2023 sai da ya kai Kotun Ƙoli, ba a rufe maganar ba sai 12 ga Janairu 2024, kowane ɓangare kuma ya ɗanɗani murna da baƙin ciki a tsakanin nan.

In har an riga an yi zagin, kada a yi sulhu a gaban taro, kunya za ta hana kowa saukowa. Annabi (SAW) ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, don haka kada a wuce haka. Nemi dattijon da su biyun ke jin nauyinsa, ya kai ƙaramin zuwa gidan babban bayan sallar isha'i, a gaisa, a nemi gafarar kalmar da aka faɗa, ba tare da an nemi kowa ya bar jam'iyyarsa ba. Idan kuwa ka ga an fara zuwa majalisa da gora ko wuƙa a ƙugu, ko baƙin samari 'yan jagaliya sun shigo gari, wannan ya wuce mai shayi. Rufe teburinka, ka sanar da mai unguwa a daren, shi kuma ya kai wa dagaci.