Darasi na Tara: Picnic, Mota Ɗaya Mai Suna Uku

A ajinmu na dare a Agege akwai direbobi huɗu, akwai mai sayar da albasa a Mile 12, akwai kuma wata baiwar Allah da ke kai yaranta makaranta a motar gida. Da na tambaya wa ya san Picnic, kowa ya ɗaga hannu. Da na ce to wa zai faɗa mini irin injin da ke cikinta, sai aji ya yi tsit. Wannan shirun ne ya sa na rubuta darasin nan, domin ranar da mota ta lalace, 'yan haruffan da ke jikinta su ne za su fitar da kai kunya.

Daga ina ta fito?

Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ne ya fito da ita a 1996. A can gida sunanta Ipsum. Da aka kai ta Turai sai aka sa mata Picnic. Yawancin waɗanda muke hawa a Najeriya tokumbo ne daga Turai, shi ya sa sunan Picnic ya bi bakinmu.

An yi ta ne don iyali. Ta fi ƙaramar mota ɗaki, ba ta kai bas ba. Tsawonta kusan mita huɗu da rabi ne. Kujerunta jere uku, wata na ɗaukar mutum shida, wata bakwai. Ƙofofinta irin na ƙaramar mota ne, ba na ja ba kamar na Sienna. Kada a haɗa su: Sienna babba ce, don kasuwar Amurka aka yi ta, kuma yawancinta silinda shida ne. Picnic silinda huɗu gare ta. Wanda ya taɓa shafe awa biyu a cunkoson Oshodi yana kallon allurar mai tana sauka ya san darajar wannan bambanci.

Zubi biyu aka yi. Na farko daga 1996 zuwa 2001. Na biyu ya fito a 2001, aka daina ƙera shi a 2009. Na biyun ya ɗan fi tsawo da faɗi, kuma a 2003 an yi masa gyaran fuska. A Japan ya ci gaba da amsa sunan Ipsum, amma a Turai da Ostireliya sai aka kira shi Avensis Verso. Mutane da yawa a nan Legas ba su damu da wannan dogon suna ba, sabuwar Picnic kawai suke cewa. Ga suna uku ke nan: Ipsum, Picnic, Avensis Verso.

Inji

A nan ne kuɗi ke salwanta, don haka mu tsaya sosai.

Zubin farko mai fetur yana da inji mai lita 2.0 (ma'aunin girman inji ke nan), sunansa 3S-FE. Bakanike zai ce maka "tiri es" kawai. Inji ne da aka sa a Carina E da tsohuwar RAV4, saboda haka kayan gyaransa ba sa wuyar samu, kuma da wuya ka sami bakaniken da bai taɓa kwance shi ba. Akwai kuma mai shan gas, wato dizal, lita 2.2, sunansa 3C-TE.

Zubi na biyu da aka kai Turai yana da 1AZ-FE, shi ma lita 2.0 ne mai fetur, ko kuma 1CD-FTV mai gas, wanda za ka ga an rubuta D-4D a jikin motar. Na Japan kuwa 2AZ-FE ne, lita 2.4, irin wanda ke cikin Camry da ake kira Big Daddy.

Ku lura da abu ɗaya. 3S-FE da 1AZ-FE duk lita 2.0 ne, duk fetur suke sha, amma kayansu ba sa shiga juna. Na farkon bel na roba ne ke daidaita bugunsa, kuma ana canza bel ɗin idan mota ta yi tafiyar kimanin kilomita 100,000. Na biyun sarƙar ƙarfe gare shi, ita ba a canza ta a kai a kai, sai dai tana son baƙin mai mai kyau a kan lokaci. Idan ka sayi tsohuwar Picnic kuma ba wanda ya iya gaya maka ranar da aka canza bel, shawarata ka canza shi kafin ka ɗauki hanyar Arewa. Tsinkewar bel da dare tsakanin Ilori da Jebba, da mata da yara a mota, abu ne da ba na yi wa kowa fatansa.

Wani ɗalibinmu, direban wani ɗan kasuwa, ya ba mu labarinsa a aji. Famfon ruwa ya lalace, bakanike ya aike shi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota. Ya taso daga Agege tun da safe. Mai shago ya tambaye shi wane inji, ya ce shi dai Picnic ce mai fetur. Aka ba shi na 3S. Sai bayan la'asar ya dawo gareji. Bakanike ya ɗauki famfon ya kara da tsohon, ramukan ƙusa ba su hau ba.

Ya ce mini, "Malam, wallahi farantin da ke ɗauke da lambar motar yana nan a gabana kullum in na buɗe bonet. Ban taɓa zaton da ni yake magana ba."

Yini ya tafi, kuɗin mota ya tafi, maigida kuma ya yi faɗa. Yanzu lambar injin tana rubuce a wata 'yar takarda cikin aljihunsa, da hannunsa ya rubuta.

Karanta faranti

Kowace mota tana da ɗan farantin ƙarfe ko takarda mai danƙo da kamfani ya liƙa. Duba ƙarƙashin bonet ta wajen bango, ko jikin ginshiƙin ƙofa. Goge ƙura da tsumma, ka haska da fitilar waya. Za ka ga haruffa da lambobi kamar haka:

SXM10: zubin farko, mai fetur
CXM10: zubin farko, mai gas
ACM20: zubi na biyu, mai fetur, lita 2.0
CLM20: zubi na biyu, mai gas
ACM21: zubi na biyu na Japan, lita 2.4

Motar da aka yi don Turai tana da lambar shasi, wato lambar da ke bambanta kowace mota da sauran, mai haruffa da lambobi 17. Ta Picnic tana farawa da JT: J na nufin Japan, T na nufin Toyota. A cikin irin wannan lamba ba a sa harafin I, ko O, ko Q. Don haka in ka ga abu mai zagaye, sifili ne. Wadda aka yi don cikin Japan lambarta gajeriya ce, kuma da sunan zubin take farawa, misali SXM10.

Sai dai motar da ta haura shekara ashirin tana yiwuwa an taɓa sauke mata inji an ɗora wani. Faranti zai faɗi wanda ta fito da shi daga kamfani. Ka sa bakanike ya nuna maka lambar da aka buga a jikin injin kansa, ka kwafe ita ma. Kafin ka biya kuɗin mota kuma, ka ɗora lambar shasi a kan wadda ke takardar kwastan, harafi bayan harafi. In guda ɗaya ya saɓa, ka riƙe kuɗinka.

Sitiyarin da aka juya

Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, sitiyarinmu yana hagu. A Japan da Ingila sitiyari yana dama. Dokar hanya ta hana amfani da irin wannan mota a nan, shi ya sa wasu ke yanke wa Ipsum sitiyari su mayar da shi hagu. Ni dai ba na son motar da aka yi wa haka, domin an taɓa sitiyari da birki, kuma rai ne a kai. Alamunta ba sa ɓuya ga mai lura: walda a bangon da ke bayan inji, dashbod da bai zauna daidai ba, sandar sigina a hannun dama, da agogon gudu da lambobinsa suka ƙare a 180.

Lodi da ruwa

In ana zaune a kujerun baya, wurin kaya kaɗan ne ya rage. Kada a cusa mutum goma a ɗora buhuna a sama, birkinta ba na wannan nauyi ba ne. Da damina kuma, in ta mutu a cikin ruwa mai zurfi, kada ka sake tayar da ita. A tura ta waje a kira bakanike, don in inji ya zuƙi ruwa, tayarwar ce ke kashe shi.

Aikin gida

1. Rubuta sunaye uku na wannan mota, da inda ake kiran ta da kowanne.
2. Wane inji ne mai bel, wanne ne mai sarƙa?
3. Mota ta yi kilomita 265,000. An canza bel tana da 180,000. Saura kilomita nawa a sake canzawa?
4. Nemi izinin mai mota a unguwarku, ko wace iri ce. Kwafo lambar shasinta a littafinka, ka ƙirga haruffan, ka zo da ita aji ranar Laraba mu karanta tare.