Yadda za ka gane ko akunka canjin gashi yake ko figar kansa yake yi

Ganin gashi a ƙasan keji ba shi ne matsala ba. Kowane aku lafiyayye yana zubar da tsohon gashi ya fito da sabo, galibi sau ɗaya ko biyu a shekara, manyan ma irin mai ruwan toka da jan bindi a hankali suke yi, yau ɗaya jibi biyu, har a kwashe watanni ba a gama ba. Inda gizo ke saƙar shi ne akun da yake sa baki da kansa yana tsige gashinsa, don in abin ya zame masa jiki raba shi da shi sai an sha wuya, kuma in ya daɗe yana tsigar wuri guda tushen gashin lalacewa yake, wurin ya zauna haka ba zai ƙara tsirowa ba. Shi ya sa maganar "a bari a gani" ba ta cika yin rana a nan ba, gara ka duba yau.

Da farko ka manta da ƙasan kejin tukuna, ka dubi tsuntsun, ka gwada kansa da ƙirjinsa. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi kuma ni ita na fi yarda da ita. Aku bakinsa ba ya kaiwa kansa, to in ka ga kai luf-luf gashi cike amma ƙirji ko cinyoyi ko ƙarƙashin fiffike sun zama fili, ko sai ɗan gashin audugar nan na ciki ya rage, toh shi yake figa, babu wata tantama. Canjin gashi na al'ada ba ya barin sanƙo. Zai iya yin buzu-buzu, ya yi muni na ɗan lokaci, amma fata ba za ta fito fili kamar figaggiyar kaza ba. Ka dai lura, ƙarƙashin fiffike dama can gashinsa ba shi da yawa, haka zagayen idon mai ruwan toka farar fata ce tun asali, kada ka ɗaga hankalinka a kansu.

In kuma kan ne ya yi sanƙo, lissafi ya canza. Ko dai abokin zamansa a keji ne yake tsige masa, sai ka raba su ka gani, ko kuma ciwo ne. Akwai wata cutar bairos da likitoci ke kira PBFD, tana kama baki da gashi, sabon gashi ya riƙa fitowa a murɗe ko guntu ya faɗi da wuri, farar hodar nan da mai ruwan toka yake bari a hannunka in ka shafa shi ta ɓace, bakinsa ya koma baƙi mai sheƙi. Tana yaɗuwa, don haka ka ware shi daga sauran tsuntsaye kafin ma ka nemi likita.

Na biyu, yanzu ka tsinci gashin da ya zuba, kamar guda biyar ko goma, ka jera su a farar takarda. Wanda ya faɗi don kansa cikakke ne daga sama har ƙasa, gindinsa busasshe, sumul, ɗan siriri a ƙarshe, ba jini. Wanda baki ya taɓa kuwa za ka ga an tauna karan, ko ya karye a tsakiya, ko gefensa ya yi yaga-yaga, wani lokaci da ɗigon jini a gindi. Ka leƙa kwanon ruwansa da kusurwar keji, gutsi-gutsin gashi da aka tattauna can suke taruwa. Wani akun ma ba ya cirewa gaba ɗaya, taunewa kawai yake daga sama ya bar kututturen a jiki, shi ma duk cikin matsalar yake.

Na uku ka nemi sabon tsiro. Mai canjin gashi za ka ga wasu 'yan tsinke-tsinke masu farin kube suna ɓullowa a kai da wuya, in yana gyaran jiki kuben ya riƙa marmashewa yana zuba kamar amosanin kai, wannan alheri ne. Sannan gashin fiffike bi-da-bi yake zuba kuma daidai a ɓangarorin biyu, in ɗaya ya faɗi a dama ba a daɗewa takwaransa na hagu zai bi, shi ya sa tsuntsu ke iya tashi ko yana cikin canji. Mai figa kuwa ba ruwansa da wannan tsari, kuma da sabon ya leƙo zai cire shi.

Na huɗu ka kalle shi ba tare da ya san kana kallo ba, wannan wajen mutane suke garaje. Aku wayo gare shi, wani in kana wajen ba zai taɓa ba sai ka fita, wani kuma sai ya gan ka yake yi don ya gane in ya ja gashi za ka taso da gudu. Ka jingina waya ta ɗauki bidiyo na minti 30 ko awa guda ka bar ɗakin. Gyaran jiki na lafiya a natse ake yinsa, ya kama gashi ya zare shi cikin baki daga gindi zuwa sama ya saki ya koma na gaba. Figa kuwa da ƙarfi ce, wuri ɗaya yake nacewa, ya fizga, wani lokaci har da 'yar ƙara. Ka ƙara da hoton ƙirji da baya duk sati a haske iri ɗaya, ido mantuwa yake yi.

In duk alamu sun nuna canji ne, aikinka kaɗan ne: wanka da abinci mai kyau da haƙuri, don a lokacin yakan yi saurin fushi, tsiron yana masa ƙaiƙayi. Kada ka murza tsiron da gindinsa yake da duhu, jini ne a ciki, in ya karye yana zuba sosai. In hakan ta faru ka danna wurin da garin masara ko fulawa, in bai tsaya ba sai likita.

In kuwa figa ce, kafin ka ce kaɗaici ne ko fushi, ka fara kai shi wajen likitan dabbobi, wanda ya saba da tsuntsaye in da hali, asibitocin koyarwa na dabbobi irin na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri wuri ne mai kyau na fara tambaya. Ciwon fata, ciwon hanta, ƙwari, gubar dalma ko zink daga wayar keji da yake ɗan gwaguya, duk suna sa aku ya ci kansa, kuma ba abin wasan da za ka saya masa ya warkar da su.

Bayan nan sai gida. Mai ruwan toka ɗan kurmi ne, daga dazukan kudancin Najeriya da Kamaru har Kwango, inda iska ke da laima, mu kuma mun kawo shi inda hunturu ke fasa wa mutum leɓe. To fesa masa ruwa zalla da safe, kullum in iska ta bushe, a bar shi ya bushe inda ba sanyi. Dan Allah banda man shafawa ko basilin ko manja a jikinsa, gashin danƙarewa yake ya ƙara sa shi tsiga. Ka nisanta shi da hayaƙin turaren wuta da maganin sauro da sigari da kicin.

Abinci ma, gyaɗa da gero kawai ba su isa ba, ƙarancin bitamin A yana busar da fata. Ka haɗa masa da karas, gwanda, mangwaro, kabewa, tattasai, ganyen zogale, da kwakwar manja jefi-jefi tunda tana cikin cimarsa a daji. Banda fiya, banda cakulan, banda goro, gyaɗar da ta yi fumfuna kuma a zubar. Ka duba fiffiken ma, masu sayarwa sukan datse shi da almakashi ba tsari, bakin yankan ya riƙa sukarsa a jiki, daga nan wasu suke fara tauna. Da yawansu kuma daga daji aka kamo su duk da an hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe tun matakin da CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, ta ɗauka a 2016, irin waɗannan a tsorace suke zuwa, ka sa kejin jikin bango inda ba a kewaye shi ta ko'ina.

Ya samu barcin awa 10 zuwa 12 cikin duhu, ba gaban talabijin har tsakar dare ba. Da rana ka ba bakin aikin yi, kwali, ɓawon masara, ɗanyen reshe mara guba, ko ka naɗe abincinsa a takarda ya sha wuya kafin ya kai gare shi. In ka kama shi yana figa kada ka yi tsawa kada ka taso, ka jira sai ya saki ya kama wani abu sannan ka je ka yi masa magana. Sabon gashi yakan ɗau makonni kafin ya rufe wurin, kuma lokacin da tsiron ya fara fitowa ne ya fi komawa ruwa saboda ƙaiƙayi, a nan za ka ƙara yawan wankan da abin taunawa.